Shagon turin da ya haɗa mini gasannin Mahuchikh

Shagon yana layin masu gyaran waya a unguwarmu, tebur ɗaya ne da kwamfuta biyu da benci. Sana'ar yaron turin finafinan Indiya masu fassara da waƙoƙi, shi ya sa da na ce ina son bidiyon wata 'yar Yukiren mai tsallen sama, wato tsallake sandar da aka gitta, sai ya ce, "Malama, 'yar ƙwallo ce?" Na rubuta masa sunan a takarda: Yaroslava Mahuchikh. Motsa jiki nake koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma ɗalibaina ba su yarda mace na iya tsallake mita biyu ba sai sun gani da idonsu.

Inda ya burge ni, bai cika mini memori da guntayen TikTok ba. Ya nemo gasanni sukutum, ya jera su shekara bayan shekara. Akwai gasar duniya ta Doha ta 2019, inda ta ci azurfa da mita 2.04 tana 'yar shekara 18. Akwai Belgrade ta Maris 2022, wadda ta isa bayan tafiyar kwana uku a mota tana gudun yaƙi, ta kuma ɗauki zinare. Sai Budapest ta 2023, inda ta zama zakarar duniya.

Wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Paris, na 4 ga Agusta 2024, shi kaɗai ya biya kuɗina. A guntun bidiyo tsalle kawai za ki gani, a cikakken kuwa har jira ake gani. Tsakanin tsalle da tsalle Mahuchikh takan shige wani bargo mai zif ta miƙe a ƙasa kamar ba gasa ake ba, Nicola Olyslagers ta Ostareliya kuma tana gefe tana ta rubutu a ɗan littafinta. Dukansu sun tsallake mita 2.00, amma Mahuchikh a karon farko, Olyslagers sai a na uku, kuma wannan ne ya raba zinare da azurfa. Dokar da na sha bayani a allo ba ta shiga ba, ranar nan ta zauna. 

Sai dai bidiyon da na fi ɗoki shi ne ya fi lalacewa, wato na 7 ga Yuli 2024 da ta tsallake mita 2.10, ta karya tarihin da Stefka Kostadinova ta kafa tun 1987. Hoton dishi-dishi ne, kuma an yanke farkon gudun, alhali lanƙwasar da take yi kafin ta doka ƙafa ita nake son yaran su lura da ita. Na koma na ce, "Ƙanina, wannan bai yi ba." Bai yi musu ba, ya sake nemo mai kyau bai ƙara mini ko sisi ba, amma sai da na yi ta sintiri saboda rashin wuta.

Sunayen fayil ma duk lambobi ne, ni na zauna na sake musu suna. Duk wadda za ta je ta tafi da memorinta, kuma ta je da hantsi, domin bayan la'asar samari sun cika bencin, ga lasifika a ƙure.