Littafin yara da babu rubutu a ciki: na ji daɗinsa, amma mai sayarwar ta ɓata min rai

Masu tambayata littafin zakin nan da na ɗora a status, ga bayanin a nan don na gaji da amsa ɗai-ɗai. The Lion & the Mouse ne na Jerry Pinkney, wajen irin matan nan masu saida littattafan yara na gwanjo a Instagram na saya, kun dai san su kuma kun san yadda farashinsu yake yanzu, ga kuɗin mota daban. Ni abin da na ce mata kawai tana da littafin labari na yarinya ƴar shekara huɗu mai dabbobi? Ta ce akwai wani mai kyau har lambar yabo ya ci, kamar sabo. Ba ta ce min babu rubutu a cikinsa ba, ko da wasa.

Da ya iso na buɗe, ko a bangon gaba babu suna, fuskar zaki ce kawai ta cika wajen yana kallon gefe, sai ka juya bayan littafin ka ga ashe ɓera yake harara. Na shiga ciki ina neman inda labarin ya fara, shafi bayan shafi zane ne zalla, iyakar abin da aka rubuta ƴan sautuka ne irin su kukan mujiya da gurnanin zaki da ƙarar mota. Babansu ya karɓa ya jujjuya ya ce to Hajjaju, yanzu hoto kika saya da kuɗin nan? Ni kuma dama burina yarinyar ta fara kama Turanci kafin a koma makaranta, sai na wurga shi kan kujera na shiga kicin ina ƙunƙuni.

Ina tsaye ina yanka albasa na jiyo Ummi tana magana ita kaɗai a falo, da wata irin murya ta manya. Na leƙo, tana zaune ta baje littafin a cinya tana bin zanen da yatsa wai karatu take. A nata labarin ɓerar nan uwa ce, ta fita cefane ta bar yaranta a gida, mujiya ta biyo ta, garin gudu ta haye bayan zaki ba ta sani ba. Da aka zo inda zakin ya riƙe ta yana kallonta sannan ya sake ta, na ce Ummi me ya sa bai cinye ta ba? Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ai azumi yake. Na yi dariya har da hawaye, ban san na albasa ne ko na dariyar ba.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da ta kai wajen da wasu mutane suka zo a mota suka ɗana raga. Mafarauta ne a zanen. Ummi ta ce a'a ɓarayin daji ne, sun zo sace zaki, za su kira matarsa a waya su ce ta kawo kuɗi, in ba ta kawo ba ba za su sake shi ba. Innalillahi. Yarinyar da ba mu taɓa zama mun yi irin wannan maganar da ita ba, ashe duk hirar da muke da baƙi a falo da abin da rediyon babanta ke faɗa da safe tana naɗewa, tana wasa da ƴar tsana amma kunnenta na wajenmu. Na zauna kusa da ita na ce to sai aka yi yaya? Ta ce sai ɓera ta ji kukansa ta zo ta cicciji igiyar, ba a biya ko sisi ba. Sai ta kalle ni ta ce Mama mu ma in an sace mu ɓera zai zo? A daren nan mun daɗe muna magana da ita, kuma tun ranar na hana a yi labarin garkuwa da mutane in yara na wajen. Da a ce akwai rubutu a shafin nan da na karanta mata "mafarauta suka zo" mun wuce, ba zan taɓa sanin abin da ke cin ta ba.

Sai kuma Hajiya, surukata. Ba ta yi boko ba, Alƙur'ani da ajami take karantawa, kuma kullum jikokin suka kai mata littafin makaranta sai ta ce ku kai wa uwarku. Wannan kuwa ta sa tabarau ta duba shi tsaf tun daga farko, ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka ce ta zo mu ji ta. Ta mai da shi tatsuniya sosai, da kirarin manyan dawa, da ƴar waƙar da ta ƙirƙira wa ɓera a nan take, ta rufe da alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. Asalin labarin ma tsohuwar tatsuniya ce ta Aesop na ƙasar Girka, shi mai zanen ya ɗauko ta ya kai ta dajin Serengeti na Tanzaniya, shi ya sa ciyawar da rana da dabbobin ba su yi wa yaran baƙunta ba, ba irin littattafan nan masu dusar ƙanƙara da kare a kan gado ba da sai ka yi ta bayani. Shi Pinkney ɗin baƙar fatan Amurka ne, littafin ya fito 2009, ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littafin yara mafi kyawun zane a Amurka, a 2010. Zanen kam ba magana, gashin zakin nan kamar ka sa hannu ka shafa.

Yayan Ummi ɗan aji biyu shi bai burge shi ba da farko, ya zazzage shafukan fuu ya ce ba komai a ciki. Abin ya dame ni kaɗan, yaro ya saba in ba haruffa to ba karatu. Sai da ya ga ƙanwarsa na samun yabo ya dawo yana nemo ƙananan ƙwari da ke ɓoye a ciyawa yana cewa ita ba ta gani ba. Ƙanwata mai koyarwa a nazire ta ce min irin littattafan nan har ɗakin karatu aka yi musu a tsibirin Lampedusa na Italiya, inda jiragen ruwan ƴan ci-rani daga Libiya ke sauka, ƙungiyar littattafan yara ta duniya mai suna IBBY ta fara shirin a 2012 saboda yaran da ke isowa kowa da yarensa. Ta kuma nuna min Book Dash, masu wallafa littattafan yara na Afirka ta Kudu, suna da marasa rubutu kyauta a intanet, amma a waya Ummi latsawa kawai take tana wucewa, ba ta tsayawa ta yi surutun nan.

To yanzu mu dawo kan matar nan. "Kamar sabo" ɗin da ta ce, rigar bangon a yage take an liƙe da salatif, shafi ɗaya wani yaron Turawa ya yi masa zane da jan kala, duk na haƙura tunda gwanjo ne. Sai daga baya ƙanwata tana dubawa ta ce Yaya akwai fa takardar da aka cire a nan, ga guntunta a jikin ɗinki. Na duba, haka ne, a tsakiyar labarin. Kuma matsalar irin wannan littafin kenan, babu jimlar da za ta yanke ka gane an yi tsalle, yaro zai cike gurbin da kansa kai kuma ba ka sani ba. Na tura mata hoto cikin mutunci na ce Anti ga abin da na gani. Amsar da ta ba ni wai ai dama ba rubutu a ciki, ba abin da na rasa. Ba abin da na rasa fa! Littafin da zanen shi ne gaba ɗaya kayan da na biya wa kuɗi. Na ce ta rage min wani abu ko ta canza, ta ce kaya in ya fita ya fita, daga nan ta daina amsawa amma kullum tana ɗora sababbin kaya.

Don haka littafin ku saya in kun samu, musamman in akwai tsohuwa a gida ko yaro mai surutu, amma kar ku ɗauka zai koya wa yaro ABCD, ba aikinsa ba ne, kuma sai kin zauna kina tambaya me kika gani, me zai faru, in ba haka ba wani yaron minti biyu ya gama. In gwanjo ne ku ce a yi muku bidiyo ana buɗe shafi ɗaya-ɗaya kafin ku tura kuɗi. Masu cewa in faɗi sunan shagon ba zan faɗa a nan ba, amma ni da ita ciniki ya ƙare.