Ra'ayina kan kwas ɗin shirin gwajin shiga jami'a, ɓangaren wasan kwaikwayo da rawa

Mutane sun yi ta tambayata wai kwas ɗin nan na intanet ya yake, yana da amfani ko kuwa zubar da kuɗi ne kawai, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Kwas ne na shirya masu neman shiga jami'a sashen wasan kwaikwayo ko na rawa, irin makarantun nan da ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba, sai ka tsaya gabansu ka yi wasa ko ka taka rawa sannan su zaunar da kai su yi maka intabiyu. Komai ta Zoom ake yi, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, sai wasu ranakun a haɗa mu rukuni. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. A taƙaice dai ɓangaren wasan kwaikwayo da na intabiyu sun burge ni matuƙa, ɓangaren rawa kuma da sauran aiki a gabansu, kuma ba ƙarami ba.

Abin da suka fara yi ranar farko shi ne suka gaya mana gaskiya kan yadda ƙofar take da ƙunci. Makaranta irin Juilliard da ke New York, sashen wasanta da aka buɗe a 1968 kimanin ɗalibai 18 yake ɗauka a shekara, RADA ta Landan kuma da ta kafu tun 1904 kimanin 28 take ɗauka a digirin wasa, alhali masu nema sun ninka haka nesa ba kusa ba. Malamar ta ce ba don ta karya mana gwiwa take faɗa ba, so take kowa ya raba ƙafa, ya nemi manyan makarantu ya kuma nemi waɗanda suka fi sauƙin shiga. Nan ne ma ta bayyana mana bambancin digiri iri biyu, BFA da BA, a tsarin Amurka, na farkon kusan kashi biyu cikin uku na karatunka duk a kan sana'ar ne, daga safe har yamma kana ɗakin atisaye, na biyun kuma kana da sararin ɗaukar wasu darussa daban kuma da yawansu ba sa buƙatar gwaji kafin a ɗauke ka. Wannan bayanin kaɗai ya sa wasu a rukuninmu suka sake jerin makarantunsu.

To sai zaɓen monolog, wato ɗan yankin wasa da mutum ɗaya zai yi shi kaɗai. Yawancin makarantu guda biyu suke so masu bambanci, ɗaya na da ɗaya na zamani, kowanne bai wuce minti biyu ba, wasu kuma sukan ce ka zo da ƙari a ajiye ko da za su nema. Na da ɗin galibi daga wasannin Shakespeare ake ɗaukowa ko na marubutan zamaninsa, kuma yawanci a baiti aka rubuta su, layi ɗaya gaɓa goma da bugu biyar, to malamar sai da ta sa na dinga buga tebur da yatsa ina karantawa har kunnena ya kama inda nauyin yake faɗawa, daga nan ta ce to yanzu manta da bugun ki yi magana kamar mutum. Sharaɗinta ɗaya ne kuma ba ta sassautawa, ba za ka taɓa yanki ba sai ka karanta wasan gaba ɗaya, domin a ɗakin gwaji ana iya tambayarka me ya faru kafin wannan maganar, idan ka yi shiru sun gane daga intanet ka tsinto shi. Ta kuma hana ni wani yanki da nake so na wata dattijuwa, ta ce ki zaɓi wadda shekarunku suka yi kusa, ba su zo ganin yadda kike kwaikwayon tsufa ba.

Amma abin da ya sa nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba shi ne wannan. Na haddace yankina tsaf, na san inda zan ɗaga murya, inda zan ɗaga hannu, inda zan yi shiru, na fara ke nan ban kai layi na uku ba ta ce tsaya. Ta ce “Wa kike yi wa magana?” Na faɗa mata. Ta ce “Me kike so ya yi miki kafin ki rufe baki?” Sai na tsaya ina tunani. Ta ce to sake yi, amma yanzu akwai jariri yana barci a ɗakin kuma ba kya so ya farka. Na yi da raɗa, wallahi maganar ta koma wata aba daban, fushin da nake ta ƙoƙarin nunawa da ihu sai ga shi ya fito da kansa a cikin raɗar. Sai ta sake cewa yi kina ninke kaya, yi kamar kina so ki ba shi dariya, yi kamar wannan ne karo na ƙarshe da za ki gan shi. Tambayar nan ta me mutumin yake so tsohuwar hanya ce, daga koyarwar Stanislavski ta fito, mutumin Rasha da shi da Nemirovich-Danchenko suka kafa gidan wasan Moscow Art Theatre a 1898, kuma har yau a kanta yawancin makarantun wasa suke gina darasin farko. Dalilin da ya sa take juya mu haka shi ne alƙalan gwaji su ma haka suke yi, idan ka gama sai wani ya ce sake yi ta wata fuska, ba wai na farkon ya lalace ba, so suke su ga ko kana jin gyara, tunda shekara uku ko huɗu za su yi suna koyar da kai, wanda ya daskare a kan hanya ɗaya kuwa ba abin da za su iya ƙara masa. Wannan abu ne da ba za ka koya kai kaɗai a gaban madubi ba, dole sai da wani yana jefo maka abin da ba ka zata ba.

Sun kuma kula da ƙananan abubuwa. Yadda za ka shigo ka gaisa ka faɗi sunanka da sunan wasan a nutse, ka ja numfashi ɗaya kafin ka fara, kada ka kafe alƙali da ido kana yi masa monolog, ka zaɓi wani wuri kaɗan sama da kansu ko gefe ka sa wanda kake yi wa magana a can. Masu neman wasan da ake haɗawa da waƙa kuma ana taya su yanke waƙar zuwa ɗan gajeren yanki da makarantu suke nema, galibi ma'aunin kiɗa da ake kira “bar” guda 16 ko 32.

Bidiyon tantancewa ma sun yi ƙoƙari a kai. Makarantu da yawa yanzu sai ka fara tura bidiyo, idan ya wuce sannan su gayyace ka gwajin ido da ido, kuma waya ta isa, ba sai ka sayi kamara ba. Ka kwantar da wayar a gicciye daidai tsayin idonka, bango mara tarkace a baya, haske ya zo daga gabanka ba daga baya ba, ɗauka ɗaya ba yanke-yanke, na rawa kuma dole a ga jiki duka daga kai har ƙafa. Ƙorafina a nan shi ne idan ka tura musu bidiyo su duba amsar tana daɗewa, ga lokaci yana tafiya, makarantun Amurka da yawa daga Nuwamba zuwa farkon Disamba suke rufe karɓa, sannan a Janairu da Fabrairu a yi babban gwajin haɗin gwiwa na makarantu a New York da Chicago da Los Angeles. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk mai son kwas ɗin ya shiga da wata da watanni a hannu.

Intabiyun gwaji da suke shiryawa ya yi kyau ƙwarai. Wani malami daban da ba ka saba da shi ba ne zai zauna ya tambaye ka, me ya sa wannan makarantar, wane wasa ka kalla kwanan nan kuma me ka gani a ciki, me kake yi idan ba wasa ba. Na ce ina son makarantar saboda tana da ƙwararrun malamai, sai ya ce min “Ɗalibata, wannan amsar kowace makaranta za ki iya ba ta, je ki duba darussan shekarar farko ki dawo ki gaya min wanne ya ja hankalinki.” Ya kuma ce ki tanadi tambayarki ke ma, domin kusan kullum a ƙarshe za su ce kina da tambaya, cewa babu kuwa yana nuna ba ki damu da sanin inda za ki zauna shekaru ba. Bai yarda a haddace amsa ba ko kaɗan, da ya ji muryarka ta koma ta karatu zai katse ka.

Yanzu rawa. Gaskiya a nan raina bai yi daɗi ba, kuma abin ya dame ni saboda akwai yara a rukuninmu da rawar ce gaba ɗaya burinsu. Gwajin rawa na jami'a aji ne sukutum, za a maƙala maka lamba a ƙirji, a fara da rawar bale, wato ballet, a jikin sandar riƙewa, a dawo tsakiyar ɗaki, a ratsa ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan a koya muku jerin taku na rawar zamani nan take ku yi shi rukuni-rukuni, wasu makarantun su ce ku ƙirƙiro motsi a take, sai kuma ɗan solo naka, wato rawar da za ka yi kai kaɗai, na minti ɗaya zuwa biyu. Abin da ake aunawa shi ne saurin ɗaukar taku da yadda kake rawa cikin mutane ba ka bangaje kowa ba, to ta yaya za a koyi wannan mutum yana shi kaɗai a ɗaki gaban waya? Ga jinkirin netwok, malamin yana ƙirga biyar shida bakwai takwas kiɗan yana iso maka a makare, Zoom kuma yana ɗaukar kiɗa a matsayin hayaniya ya dinga danne shi sai an kunna saitin sauti na asali, kuma ba su gaya mana wannan da wuri ba. Ga hoton da ke juyewa hagu ta koma dama. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsalle, ɗakin rawa na gaskiya daɓensa na katako ne mai ɗan lotsawa don ya sha nauyin dira, amma aka bar yara suna ta tsalle a kan daɓe mai tauri ba wanda ya ja musu kunne, ƙwauri da gwiwa ne suke biyan wannan. Malamin ya san aikinsa, da ya yi mana bayanin salon Martha Graham, gwanar rawar zamani ta Amurka, na matse ciki da sakewa tare da numfashi na fahimta sosai, sai dai fahimta daban, a ce malami ya zo kusa ya gyara maka tsayuwar ƙugu daban. Inda suka taimaka a rawar shi ne tsara solo, yadda za ka buɗe shi da abin da ka fi ƙwarewa a kai maimakon ka ɓoye shi sai ƙarshe, da shawarar sa kaya masu kama jiki da ɗaure gashi don a ga layin jiki.

Don haka idan wasan kwaikwayo kake nema ko intabiyu ne yake ba ka tsoro, ni dai na ce ka shiga, amma kafin ka biya ka tambaya wane malami za a ba ka, shi ne zai ci gaba da kai har ƙarshe ko za a dinga canzawa, sannan kwana nawa suke ɗauka kafin su duba bidiyo, su rubuta maka amsar. Idan kuma rawa ce, ka ɗauki zaman tsara solo da na intabiyu kawai a wajensu, sauran kuɗin ka kai ajin rawa na zahiri mai daɓen katako, inda za ka saba da koyon taku cikin mutane da malamin da ba ka sani ba.