Daga Bamingam zuwa Nima: maganar sautin jitarka

Ƙanena, ina gaisuwa. Ka gaishe min da Mama da mutanen gida. Na saurari abin da ka turo ta WhatsApp. Hannunka ya faɗa, amma sautin ya cakuɗe, kamar zuma a cikin gwangwani. Ka ce in aiko babban amfilifaya. Tsaya ka ji tukuna.

Garin nan na Bamingam shi ne mahaifar kiɗan metal, a unguwar Aston aka kafa ƙungiyar mawaƙan Black Sabbath a 1968. In ka shiga shagon kayan kiɗa, sai ka yi awa guda kana gwada amfilifaya irin su Marshall da Laney, ba mai tsaya maka a kai. In ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa cinikin. A Zongo Lane kuwa, kasuwar kayan lantarki ta Akara, ka sani, ka biya ka fita, magana ta ƙare. Amma wajen gyaran kaya, gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Mai gyaranmu zai buɗe, ya nemo ɗan abin da ya ƙone ya canza. Nan kuɗin aiki kaɗai ya isa ya sa mutum ya jefar da kayansa.

Duk da yawan kayan, abin da ya gyara nawa sautin ban saye shi ba. A ɗakin atisaye wani dattijo ya zo ya mayar da makunnin gen ɗina, wato wanda ke ƙara wa sauti gurnani, rabi. Na ji haushi, sai da na danne tsirkiya da gefen tafin hannu na ji kowane bugu ya fito daban, da nauyinsa. Yawan gen shi ke danne bugun, ya kawo tsuwa. Ka daina kashe mid ma, wato sautin tsakiya. Kai kaɗai a ɗaki yana da daɗi, amma da ganga da jitar bes sun shigo za ka ɓace, domin a tsakiyar nan muryar jita take. Bes ɗin amfilifaya ka rage, ka bar wa mai bes aikinsa. Ka kuma yi amfani da fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, na kusa da gadar tsirkiya.

Don haka ƙaramin fedal, na'urar gyara sauti da ake takawa da ƙafa, zan aiko, Tube Screamer na Ibanez. Ka sa makunninsa na diraib, wato gurnani, a sifiri, ka ɗaga na lebul, wato ƙarfin sauti. Yana yanke ƙasan sautin kafin ya shiga amfilifaya, bugun ya tsuke. Zan haɗa da tsirkiya masu kauri, masu lamba 11 zuwa 56, tunda kana sauke sautin ƙasa, siraran suna yin lako-lako. Su ne abin da na fi tausaya maka a kai: nan suna da araha, can ga tsada, ga iskar teku tana sa su tsatsa. Ka riƙa goge su da ƙyalle bayan kowane wasa.

Wutarmu ta Gana ɗaya da ta Ingila, bolt 230, bakin soket ma iri ɗaya, adaftar fedal ɗin za ta hau kai tsaye. Sai dai ka haɗa da sitabilaiza saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta da kawo ta. In kayan sun iso, ka sake ɗaukar wancan bugun ka turo min in ji.