Sharhi kan ma'aunin ƙarfin barasa na gilashi da muke aiki da shi a Ikeja

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin kamfani a Ikeja da ke haɗa man tsaftace hannu da turare, kuma duk jarkar itanol (wato tsantsar barasa) da dillali ya sauke mana sai ta bi ta hannuna. Abin da nake aunawa da shi alkohomita ce, wato sandar gilashi mai nuna kashin barasa cikin ɗari, mai zuwa uku a kwali ɗaya: 0 zuwa 40, 40 zuwa 70, sai 70 zuwa 100, haɗe da ma'aunin zafi da takardar gyaran lissafi.

Aikinta ba wuya. Itanol ya fi ruwa rashin nauyi, mililita ɗaya giram 0.789 ne a digiri 20, saboda haka duk yadda barasa ta yi yawa, haka sandar za ta ƙara nutsewa. Ka cika silinda, wato doguwar kwalbar awo, ka saki sandar a hankali, ka ɗan murza ta don kumfa ya saki jikinta, sannan ka duƙa ido ya yi daidai da saman ruwan ka karanta. Rabuwar da aka yi mata uku ta burge ni, don layukan sun samu tazara, ba irin doguwar nan guda ɗaya ba da lambobinta suka cunkushe.

Inda take buƙatar lura shi ne zafi. A kan digiri 20 aka tsara ta, ɗakinmu kuwa in wuta ta ɗauke yakan kai 30. Itanol mai kashi 96 sai ya nuna maka wajen 98, mai kashi 40 kuma ya nuna kusan 44. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai haɗa man da ake so ya kai kashi 80. Takardar gyaran tana maganin wannan, sai dai rubutunta ƙanana ne ƙwarai, kuma siririya ce, jiƙewa kaɗan ta yage. Ni dai na sa an lulluɓe tawa da leda.

Wata Hajiya mai sana'ar zoɓo a Agege ta tambaye ni ko za ta saya don ta riƙa duba wanda ya kwana ko ya fara zama barasa. Na ce mata, "Hajiya, ki adana kuɗinki." Sukari yana ƙara wa ruwa nauyi, sandar sai ta yi sama ta ɓoye barasar. Irin wannan dole a dafa shi a tari turirin tukuna, sannan a auna abin da ya ɗiga.

Babban abin da ya fi damuna, ba ta bambance itanol da metanol, wato barasa mai guba, domin nauyinsu kusan ɗaya ne. Metanol ne ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015 bayan sun sha ogogoro, giyar da ake haɗawa a gida. Don haka jarkar da ban san asalinta ba, ko ta nuna 96 cif, sai na tura samfurinta ɗakin gwajin da ke da na'urar tantance sinadarai kafin a taɓa ta.