Bas har Bur Sudan, babur har Sawakin: abin da na samu da kuɗina

Mutum uku ke nan suna yi mini tambaya ɗaya: wanda ke son zuwa Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabashin Sudan, ko don ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda ko don ya ga Bahar Maliya kawai, zai iya kai kansa ba tare da ya shiga ayarin wani wakili ba? Biza da tikitin jirgi maganarsu daban, amma kai ƙafarka bakin teku ba ya bukatar kowa. Ni kaɗai na taso daga Gadarif a watan Janairu na 2023, wata uku kafin yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, kuma abu biyu na biya wa kuɗi: kujera a bas, da babur na haya na kwana biyu. Su zan yi wa hisabi. Farashin wancan lokaci ba zai amfani kowa ba, don fam ɗin da na riƙe a aljihu ba shi ne fam ɗin yau ba, shingayen hanya kuma sun ƙaru. Dutse dai yana nan inda yake, iska ma ba ta sauya ba.

Tun da yamma na yanki tikiti a ɗaya daga cikin kamfanonin manyan bas masu sanyi, irin waɗanda muke kira siyahi. Mai tikiti ya rantse mini ƙarfe shida za a tashi. Shida ta wuce, bakwai ta wuce, muna zaune muna kallon yara suna cusa buhuna a cikin bas kamar ba mutane zai ɗauka ba. Da aka ce a shiga, sai na tarar da wani dattijo ɗan ƙabilar Hadandawa a kujerata, da sandarsa a tsakanin gwiwoyi da tikitinsa mai lamba irin tawa sak. Ba zan tayar da sa'ar ubana ba. Kumsari, wato kwandasta, ya ce in yi haƙuri, ya kai ni can baya kan taya, inda kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayana. Wannan laifin ofishinsu ne, kuma ban yafe ba: wanda ya zo tun jiya ya zaɓi kujera bai kamata ya ƙare a kan taya ba.

Ga shawara ga mai yankan tikiti. Da safe rana ta dama take dukan bas, don haka ɓangaren hagu ya fi inuwa, sai dai mai zama a hagu zai yi ta leƙe in an doshi Kasala, inda duwatsun Taka da Totil suke tsaye kamar tulunan da aka kife. Ka riƙe mayafi ko da ana zafi, domin sanyin da suke sakewa na ajiye nama ne. Talabijin kuwa ba a kashe ta ba tun daga Hashmul Girba, inda muka tsallaka kogin Atbara, har muka sauka.

Bayan Kasala ƙasa ta bushe ƙamas. Aroma, Durdeb, Haya, sai fili da ƙaya da raƙuma. A wurin da muka tsaya cin abinci na huce da su kaɗan, don direba ya ba mu lokaci na gaske, ba irin na "ku yi sauri" ba. Muka haɗa azahar da la'asar, na ci salat, naman rago da mutanen gabas ke gasawa a kan duwatsu masu zafi da aka jera bisa garwashi, na bi da jabana mai citta a ɗan finjali. Dattijon da ya gaje mini kujera shi ya biya kuɗin gahawar, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Inda direban ya ci kuɗinsa shi ne Akaba, gangaren da ke sauko da mutum daga tudun Sinkat zuwa filin gaɓa. Hanya ce mai lanƙwasa tsakanin duwatsu, cike da tireloli masu hawowa daga tashar ruwa suna nishi. Mutumin nan ya rage giya, bai tsallake kowa a kwana ba, bai taɓa waya ba. Kunnuwana suka toshe, sai kuma na ga gilashi ya fara gumi ta waje, alamar mun shigo iskar teku. Da duhu muka wuce Sawakin, fitilu kawai na gani, muka isa Bur Sudan bayan isha. In an ce in sake hawa bas ɗin nan zan hau, saboda direban kawai.

Wajen kawuna na sauka, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara talatin yana ɗinki a garin. Abin da ya fara nuna mini randa ce. "Wannan na sha ne, wancan na wanka, kada ka haɗa su," in ji shi. Garin nan yana bakin teku amma ƙishi ne ciwonsa. Ruwansa daga Hor Arba'at yake zuwa ta arewa, ana sayar da shi a tanka da amalanken jaki, kuma madatsar can ce ta fashe a watan Agusta na 2024. Da daddare muka zauna a Kurnish, gefen ruwa, muna kallon fitilun jirage, washegari kuma muka ci najil da sha'ur a kasuwar kifi ta Sigala. Janairu ne lokacin zuwa. Gaɓar nan da sanyi take samun ɗan ruwan samanta, ba da damina irin tamu ba, da bazara kuwa masu hali gudu suke yi zuwa Arkawit da Sinkat.

Yanzu maganar babur. Ɗan Najeriya ko Nijar da ya shigo Sudan ya ce yana neman babur, injin ban-ruwa za a nuna masa, ko a ba shi labarin jirgin kogi. Abin da ake kira babur a Kano, a nan motar ne sunansa, mota kuma arabiya. Ban ga shago mai allo da ke ba da haya ba, sai dai sanayya. Kawu ya kai ni wajen wani bakanike Bahaushe da kowa ke kira Usta, ya tsaya mini.

"Usta, ɗan 'yar uwata ne. In ya karya, ni na karya."

"To Alhaji, tunda kai ka faɗa. Malam, ka iya tuƙi ko koyo za ka yi a kaina?"

Na nuna masa lasisina. Ya ba ni wani ɗan Sin mai jan tanki, da takardun babur a leda, da hular kwano wadda madaurinta igiyar takalmi ce. Na tambaye shi lafiyar tayoyi, ya daki ta baya da ƙafa ya ce tib ɗin sabo ne dal. Ku riƙe wannan maganar.

Daga Bur Sudan zuwa Sawakin kimanin kilomita 60 ne, kwalta miƙaƙƙiya ta kudu. Ƙaramar bas tana yin ta kullum, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. To me ya sa babur? Don bas ba ta tsaya maka. Ni na tsaya sau biyar. Na tsaya a filayen gishiri, inda ake tare ruwan teku a fadamu rana ta shanye shi, a tara gishirin tsibi-tsibi fari fat. Na bar kwalta na bi wata 'yar burji har bakin ruwa, na ga raƙuma sun shiga teku har gwiwa suna cin ganyen shora, itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Raƙumi a cikin teku! Da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasansa, domin babu wani babban kogi da ke zuba laka a Bahar Maliya. Na wuce tantunan Rashayida, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro daga Hijaz a ƙarni na 19, wato sun yi tamu tafiyar a juye. A shinge ɗaya aka duba takarduna, aka tambaye ni ɗan ina ne, na ce Gadarif, aka sake tambaya, na sake cewa Gadarif, aka miƙo mini katina.

Abin tsoro a hanyar nan tireloli ne. In ɗaya ta wuce ka, iskarta sai ta ture ka gefe sannan ta jawo ka. Da na ji ƙaho a baya sai in sauka kan tsakuwa in ba su hanyarsu.

Sawakin ce dalilin tafiyar, gara in faɗi gaskiya. Kakata ta wajen uwa a goye aka baro ƙasar Katagum da ita. Zamanin ne da mutanenmu suka yi ta kwararowa gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Iyayenta sun yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira, su tara guzuri su matsa gaba, har Tokar, har nan. Ba ta taɓa cewa Bur Sudan ba in tana labarin hajji, kullum Sawakin, da zaman karantina, da yadda uwarta ta ɗanɗani ruwan teku ta tofar ta ce wannan ba ruwan Allah ba ne na sha.

Na shiga ta ƙofar Kichina, mai sunan hafsan Ingila Kitchener, wadda aka gina a 1886, na ratsa Gef, ɓangaren garin da ke kan tudu, na tsallaka 'yar gadar ƙasa zuwa tsibirin. Zagayayye ne, ƙarami, kana iya kewaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce sau biyu. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, hawa biyu hawa uku, da tagogin katako irin na tsohuwar Jidda. Dutsen murjani yana son a riƙa shafe shi da farar ƙasa, in an bar shi sai danshi da gishiri su cinye shi. Da Turawa suka ga mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, suka buɗe Bur Sudan a 1909, 'yan kasuwa suka kwashe, ba mai shafe bango, gari ya zube a tsaye. Yanzu tarin farin dutse ne, nan rabin baka, can matakala da ba ta kai ko'ina. Turkawa, waɗanda suka taɓa mallakar wurin tun ƙarni na 16, sun dawo sun gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya da ginin kwastan, shugabansu Erdogan ma ya zo da kansa a Disamba 2017. Gyaran ya yi kyau, amma ni kangon ya fi yi mini magana. Na yi azahar a na Shafi'iyya, na fito na zauna ina fuskantar mashigar ruwa, ina lissafin yarinyar da ta tsaya a wajen nan tana riƙe da zanen uwarta.

Kyanwoyin garin manya ne, ba sa gudun mutum. Mutanen wurin suna cewa nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu, don haka ba a dukan kyanwa a Sawakin. Da ɗaya ta zauna tana kallona ina cin kifi, na ba ta kan ba gardama. Can gefe kuma tashar Usman Digna ce, mai sunan kwamandan Mahadi na gabas, inda jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda, kuma ake lodin tumakin da ake kai wa Saudiyya. A watan Yuni na 2022 wani jirgi ya kife a wurin da tumaki sama da 15,000, masu shayi suna ta ba da labarin har lokacin da na je.

Na kwana a wata lakwanda, gadon igiya a tsakar gida. Dawowa ce ta nuna mini halin babur ɗin da halin gaɓar. Iskar nan daga arewa take busowa, don haka jiya tura ni take yi ban sani ba, yau kuma ƙirji da ƙirji muka yi. Man da ya kai ni da saura bai isa ya dawo da ni ba, sai da na sayi kwalba biyu a bakin hanya. Na yi kuskuren tashi bayan hantsi, lokacin da ta fi ƙarfi, yashi yana shiga ta ƙarƙashin hula. Wajen rabin hanya tayar baya ta kwanta. Na tura babur cikin rana har wata rumfar mai faci, banshar in ji mutanen nan, inda direbobin tirela ke hutawa. Yaron ya zaro ƙayar maskit, ya zaro tib, ya ɗaga shi sama yana dariya don kowa ya gani. Faci bakwai na ƙirga, wani a kan wani. Sabo dal! Na sayi sabo na gaske, na ce a ba ni tsohon a leda.

Injin kansa ba ni da ƙorafi a kansa, bai yi tari ko sau ɗaya ba, birki yana ci, fitila tana aiki. Wanda zai karɓi babur a hannun irin su Usta ya sa a buɗe tayar a gabansa, ya duba sarƙa, ya zo da hularsa, ya ɗauki jarkar ruwa, kuma ya baro Sawakin da an sallame asuba. Mai iyali ko mai kaya kuwa ya hau ƙaramar bas, babur ba nasa ba ne. Tokar ma da na so ƙarasawa na fasa, don ban yarda da tayar gaba ba bayan abin da na gani a ta baya.

Da na mayar da babur, na ajiye ledar a kan teburin Usta a gaban Kawu. Ya zaro tib ɗin, ya juya shi, ya ƙirga facin da yatsa.

"Malam, wannan na cikin ne? To ai tayar nake nufi sabuwa."

"Usta, ji tsoron Allah," in ji Kawu.

Ya cire kuɗin tib daga kuɗin haya, ya aika yaro ya kawo mana jabana, ya rataye tsohon a ƙusa tare da 'yan uwansa.