Na canza cikin bututun hayaƙin gidana a Worcester: aiki ya yi kyau, amma da saura

Ranar da mai duba mana boila ya zo aikinsa na shekara-shekara a watan Satumba, ya buɗe 'yar ƙofar da ke gindin bututun hayaƙi, ya zura hannu ya ɗebo ɓaraguzan yumɓu cike da tafinsa, kamar an fasa tulu. Ya ce in nemi masu bututu kafin sanyi ya shigo, shi aikinsa bai kai can ba.

Gidanmu tsoho ne, a Worcester da ke jihar Massachusetts, kuma da mai muke ɗumama shi kamar gidaje da yawa a wannan yanki. Man ɗan'uwan dizal ne, sai dai an rina shi ja, yana zaune a tanki mai cin galan 275 a ɗakin ƙasa. Boila ta ƙona shi, ta tafasa ruwa, ruwan ya zaga ɗakuna. Hayaƙin kuwa ta bututun jan bulo yake fita, wanda aka jera wa gasasshen yumɓu a ciki tun lokacin gini. Shekara shida ina gidan ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba. Farin dabbare-dabbaren da ya fito a jikin bulon, mai kama da kanwa, na ɗauka tsufa ne kawai.

Kamfani uku na kira. Na farko ya tsaya a tsakar gida ya yanka kuɗi ko tsani bai sauke ba, na sallame shi. Wanda na ɗauka shi ne ya zura kyamara tun daga sama har ƙasa, ya nuna mini a waya: yumɓun ya tsattsage, simintin da ke haɗa gaɓoɓin ya zube, wani wurin har bulo ake gani. Bayaninsa ya shige ni. Bututun namu a bangon waje yake, sanyi na dukansa, ga shi ya yi wa boilar faɗi. Hayaƙi kan huce kafin ya kai sama, ya zama gumi a bango, gumin ya haɗu da sinadarin sulfa da ke cikin mai ya zama asid, shi ke cin yumɓun a hankali. Ta waɗannan tsagogin iskar kabon monoksaid mai guba kan iya ratsowa ɗaki. Duk wanda ya tashi a Kano ya san labarin masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Maman yara na jin haka ta ce, "Malam, ko bashi ne a ci."

Sun saka bututun ƙarfe mara tsatsa mai lanƙwasuwa, inci 6, samfurin 316 wanda ya fi jure asid, suka naɗe shi da bargon riƙe zafi. Kamfani na biyu ya fi araha da kusan dala 900, amma babu bargon a lissafinsa, kuma a bututun da ke bangon waje rashinsa na nufin gumin nan zai dawo. Dala 3,800 muka yi da kamfanin da na ɗauka.

Mutum biyu suka zo da ƙarfe 8 na safe. Da bargon, ƙarfen ya ƙi shiga tsohon ramin, sai da suka farfasa yumɓun da wata na'ura mai juyawa da suka ɗaura a kan injin huda. An gaya mini tun farko hakan na iya faruwa, kuma ba su ƙara ko sisi ba, wannan na yaba. Abin da ba su gaya mini ba shi ne ƙurar. Leda ɗaya suka rataya, kunkunniya ta bi ta kan kayan sanyin yara da buhun shinkafa da muka ajiye a ƙasa. Kwana biyu muna shara. Aikin sama kam ba laifi: farantin da ke rufe bakin bututun ya zauna daram, an toshe gefensa, an ɗora hula mai raga saboda ruwa da tsuntsaye. La'asar sun haɗa bututun da boila, sun kunna, sun karɓi cek ɗinsu.

Kwana uku bayan nan na lura boilar na wani gurnani idan ta tashi, ga ɗan warin mai. Na kira su, suka ce wannan na mai boila ne. Gaskiyarsu, amma me ya hana su faɗa ranar da suka gama? Sabon bututu ya fi ƙunci kuma ya fi ɗumi, saboda haka yadda yake jan iska ya canza, dole a sake saita marfin nan mai lilo da ke jikin bututun boila, a auna hayaƙin da na'ura. Mai boila ya zo ya yi cikin minti 40, na sake biyan kuɗin zuwa.

Zan sake kiransu, kuma na ba maƙwabcina, wani ɗan Kumasi mai irin gidana, lambarsu. Na dai ce masa ya sa mai boilarsa ya zo rana ɗaya da su, ya kuma kwashe komai daga ɗakin ƙasa tun daren jajibirin ranar. Takardar garanti ta ce sai ana duba bututun duk shekara take aiki, na manna ta a jikin tankin mai.