Ƙwarin ruwa biyu na maɓuɓɓugar Comal: yadda ake bambanta su

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙananan ƙwarin nan biyu masu taurin baya da ake samu a maɓuɓɓugar Comal ta jihar Texas a Amurka iri ɗaya ne, tunda sunayensu duka sun ƙare da comalensis. Ba iri ɗaya ba ne, ko dangi ma ba su haɗa ba, duk da cewa a shekarar 1997 aka sanya su tare cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Na farko, Heterelmis comalensis, ɗan dangin Elmidae ne, wato ƙwarin da ke manne wa duwatsu a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Tsawonsa kimanin milimita 2 ne, yana da idanu, kuma ba ya iyo, sai dai ya yi rarrafe yana kama tsakuwa da dogayen faratansa. Na biyu, Stygoparnus comalensis, ɗan dangin Dryopidae ne, ya ɗan fi na farko tsawo, kuma da yake a duhun ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, idanunsa sun shafe, launinsa ya koɗe har haske yana ratsa jikinsa.

Abin da zan ba ka shawara ka fara dubawa da madubin ƙara girma shi ne ƙahonnin ji da ke kansu, wato antena, domin a nan ne dangogin biyu suka fi rabuwa. Na Heterelmis sirara ne dogaye kamar zare, suna fitowa fili, su kuwa na dangin Dryopidae gajeru ne masu kauri a ƙarshe, sau da yawa a ɓoye suke kusa da kai. Tsutsotsinsu ma sun sha bamban, na Elmidae a cikin ruwa suke girma, alhali yawancin na Dryopidae a ƙasa mai dausayi ake samunsu.

Sai dai gane dangi daban, tabbatar da ainihin iri daban. Heterelmis yana da 'yan'uwa masu kama da shi ƙwarai, kuma masana kan bincika al'aurar namiji da na'ura kafin su yanke hukunci, don haka hoton waya ba zai wadatar ba. Kuma tunda doka ta kare su duka biyun, kama su ba tare da izini ba laifi ne a Amurka.